Yarona zane da ƙere-ƙere kawai ya sa a gaba, tekinikal zan kai shi ko a bar shi ajin sayans?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara na zo nema, musamman wajen malaman makaranta ko waɗanda suka yi tekinikal in akwai su a cikinmu, don abin ya fara hana ni barci.

Ɗana na biyu ne, Sadik, yake aji uku na ƙaramar sakandare, bana zai zana jarabawar fita. Yaron nan tun yana firamare ba shi da aiki sai zane da haɗe-haɗe, duk kwalin da ya shigo gidan nan ya zama nasa, kwalin taliya ne, murfin lemon roba ne, tsinken tsire ne, har silifas in ya tsinke ba a yarwa sai ya yanka ya fidda tayoyi. Da hutun da ya wuce tifa ya ƙera da kwali da sirinji huɗu da 'yar siririyar robar nan ta ƙarin ruwa, ya ɗura ruwa a ciki, in ya danna sirinji ɗaya sai bayan motar ya ɗaga a hankali ya juye yashi, wallahi har matan maƙwabta sai da suka shigo kallo. Bayan littattafansa kuwa ba a magana, babu shafin da babu gida ko masallaci ko mota.

Makarantar da yake ta kuɗi ce, kuma ba laifi suna ƙoƙari a turanci da lissafi, amma darasin CCA ɗin (na zane da kiɗa da wasan kwaikwayo) da ya fi ɗoki malamar soshiyal ce dai take shigar musu, rubutu kawai take cika allo su kwafa. Besik tek, wato darasin fasaha da kayan aikin hannu, ma haka, na duba littafinsa na ga an sa su zana zarto da guduma da awartaki an rubuta sunayensu a ƙasa, na ce kun taɓa riƙewa? ya ce ko ganinsu ba su taɓa yi a makaranta ba. Alhali duk zango akwai kuɗin firaktikal a takardar da suke aiko mana. Na je na tambayi firinsifal ko a babbar sakandare suna da darasin zane ko TD (zanen awo irin na injiniyoyi), ya ce babu malami, kuma wai yara ba sa zaɓa.

Babansa shi dai likita yake so, ya ce ajin sayans zai shiga ko ya so ko ya ƙi, wai wasan kwali ba ya ciyar da gida. Kakarsu kuma, mahaifiyar maigidan, cewa take a raba shi da zane-zanen nan tun bai fara zana mutane ba. Ni kuma gani nake kamar Allah ya ba shi abinsa a hannu mu kuma za mu danne. Lissafi yana samun saba'in da wani abu, abin hadda ne dai ba ya so ko kaɗan.

Toh shi ne nake tambaya, in na matsa a kai shi tekinikal ban cuce shi ba? ana iya shiga jami'a daga can? ko ajin at ya kamata ya shiga tunda zane yake so? A Kano muke.

Tsohon Malamin Wakshof:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya Sadik ya yi masa albarka. Kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zancen, shekara 35 na yi ina koyar da aikin katako da TD kafin na yi ritaya.

Zarto a takarda da kika gani ba yau aka fara ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 manufar ita ce yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki a darasin intirotek, in an ga inda ya karkata sai a tura shi can. Gwamnati ta kashe kuɗi ba na wasa ba ta sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari aka rarraba wa makarantu. Makarantar da aka fara tura ni a wani ƙauye, akwatunan katako bakwai na tarar jibge a bayan ofishin firinsifal, rana ta dake su damina ta dake su, awaki na hawa suna sauka. Babu wakshof, babu wuta a garin gaba ɗaya, injunan kuma masu cin babbar wuta ne mai layi uku. Sai da na shekara biyu ina roƙo kafin a yarda na ɓalle guda ɗaya, don shi firinsifal tsoronsa kar odita ya zo a ce wani abu ya yi ƙafa. Ranar da muka buɗe rina ce ta fara yi mana maraba, ta harbi yara biyu. Injin yankan katako ne a ciki sabo fil da girisinsa, amma gara ta cinye littafin bayanin tas, kuma har na bar garin injin nan bai taɓa juyawa ba. Abin da ya cece ni akwati na biyu, ƙananan kayan hannu ne a ciki, zarto goma sha biyu, guduma, magagari, sukwaya da abin goge katako guda shida. Da su na koyar shekara tara a gindin darbejiya, benci biyu muka fara haɗawa da yaran muka riƙa ɗora aiki a kai. Cikin yaran nan akwai wanda yau yake da shagon kujeru, duk sallah sai ya aiko min da shadda.

Kuma kar wani ya ce miki aikin hannu baƙo ne a makarantar boko a Kano. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ai tana da sashen sana'a, ana koyar da dukanci da ƙira da aikin kafinta. Mu ne daga baya muka mai da boko ya zama biro da takarda kawai. Intirotek aka sauya masa suna ya koma besik tek, aka zo aka cusa shi kwando ɗaya da kimiyya da kwamfuta da motsa jiki. A 2011 aka ce duk ɗan babbar sakandare dole ya ɗauki sana'a ɗaya cikin 34, WAEC ta fara jarabawarsu a 2014, toh me yawancin makarantu suka yi? suka zaɓi waɗanda alli kaɗai ya ishe su, yaro ya ci kiredit a kiwon dabbobi bai taɓa ba akuya dusa ba. A 2025 kuma aka rage su zuwa shida, har da haɗa sola da gyaran waya da ɗinki. A takarda dai kullum abin gwanin sha'awa.

Tambayarki kuma, ƙwarai ana shiga jami'a daga tekinikal. Jarabawarsu ta NABTEB ce, hukumar tun 1992 take, kuma ana karɓar sakamakonta wajen neman gurbi kamar na WAEC da NECO, muddin yaro ya samu kiredit a turanci da lissafi da fiziks da kemistiri injiniya a buɗe take gare shi. Likitanci ne zai yi wuya don shi sai da bayoloji, wannan kam ki faɗa wa maigidan gaskiya kar ki ɓoye masa. Amma ki ƙara masa da cewa hukumar da ke riƙe da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977 kuma kowa yake alfahari da likitocin da suka fitar, ita ce dai take riƙe da na tekinikal irin su Wudil da Bagauda da Ungogo, kuma da jarabawa ake shiga.

Sai dai kar ki kai shi ko ina don sunan da ke jikin allon ƙofa. Ki je da ƙafarki ranar karatu da hantsi ba tare da kin sanar ba, ki ce a nuna miki wakshof. Kar ki kalli injuna, ƙasa za ki kalla. In kin ga dusar katako da guntayen waya da ɗigon baƙin mai, kin ji ƙaurin walda, toh ana aiki. In kin tarar da wuri a share ƙal an lulluɓe komai da leda, sai an yi cigiyar mai makulli, ki yi musu sallama kawai.

Abu Hanif:

Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, amma ni gaskiya ina bayan baban yaro a maganar nan. Mu daina yaudarar kanmu, a ƙasar nan har gobe in aka ce wane yana tekinikal abin da ke zuwa ran mutane shi ne bai ci makin sayans ba ne. Kuma yawancinsu foli suke ƙarewa, ga rigimar HND da digiri da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mutum ya fi ka iya aiki amma kai ne ogansa saboda takarda. Na ga wannan da idona a wajen aikinmu.

Sannan yaro ɗan shekara 14 me ya sani? Ƙanena haka ya tashi, duk rediyon gidanmu sai da ya farke cikinta, kowa na cewa injiniya injiniya, yau ga shi can yana harhaɗa magunguna a asibiti kuma shi yake riƙe da mahaifiyarmu. Da an biye wa son ransa lokacin fa? Ajin sayans ba ya hana shi zama injiniya ko mai zanen gine-gine, amma tekinikal na iya hana shi zama likita, toh wanne ya fi faɗi? A bar shi sayans, Asabar da Lahadi da dogon hutu a kai shi wajen wani kafinta ko mai haɗa sola na kirki a unguwa, shikenan an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kuma Hajiya ki bi a hankali, kar maganar makarantar yaro ta zama ke da maigida da surukarki kowa ya ja tunga, yaron ne zai sha wahala a tsakiya.

'Yar Samaru:

Maman Sadik sannu da ƙoƙari. Abu ɗaya nake so na fara cire miki a rai, maganar ajin at. Suna ne kawai wallahi, a yawancin makarantunmu babu ko ɗigon zane a cikinsa, gwamnati ne da adabin turanci da tarihi da IRS da Hausa ko Larabci, wato hadda zalla, abin da kika ce ba ya so. Ni nan haka aka yi min, aka ce tunda kina son zane tafi at, na shekara uku ban riƙe burushi ba. Kuma in zanen gine-gine ne a ransa lissafi da fiziks za a nema a wajensa, shiga at rufe wa kansa ƙofa ne. A nan kam na yarda da Abu Hanif.

A ABU na yi karatu, sashen indastiriyal dizayin ɓangaren zanen yadi, tsangaya ɗaya muke da masu zane da sassaƙa da masu zanen gine-gine, a sashenmu kuma akwai masu tangaran da masu gilashi da masu girafiks. Ba zan manta satin farko ba, malami ya ajiye tulu da ƙwarya a kan tebur ya ce kowa ya zana. Ni na ja layin tulu na ja na ƙwarya na ajiye fensir ina jiran a yaba min, sai na leƙa takardar wata 'yar Filato da ke gefena, na ga tulunta kamar ka sa hannu ka ɗauka, ga inuwa ga hasken taga a kafaɗarsa, fensir kala huɗu take canzawa ni ko sanin akwai 2B da 6B ban yi ba. Tun aji ɗaya na sakandare take da malamin zane. Banɗaki na shiga na sha kukana. Abin da ya ɗago ni sai da muka zo darasin maimaita zane a jikin yadi, nan fa hannuna ya tuna zanen hular da nake taya kakata da ƙunshin da nake wa 'yan unguwa da sallah, ita 'yar Filaton ta dawo tana leƙen tawa takardar. Ashe ina da abin, makaranta ce ba ta taɓa tambayata ba.

Abin da ke ba ni haushi, a Zariyar nan ne a 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama ABU a 1962 suka kafa ƙungiyar da ta sauya zane a Najeriya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kawai ba sai sun haɗa da abin da suka gada a gida. A ƙasarmu aka yi amma ki duba sunayen. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ma tukwane take ginawa, ba ta yi boko ba, ta zaga Ingila da Amurka tana nuna aikinta, ABU ta ba ta digirin girmamawa, amma yau ki ce 'yarki za ta karanta ginin tukwane ki ji abin da dangi za su ce.

Maganar Hajiya kaka kuwa ba abin rainawa ba ce, malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai kuma fagensu ne. Amma ai zane bai ƙare a fuskar mutum ba. Zayyanar da ake wa allo ranar sauka mene ne? aska takwas a gaban babbar riga fa, da dagi a bangon fada, da adon da marinan Ƙofar Mata ke fitarwa da ɗauri kafin a tsoma a baba? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara tun ƙarni na 19 har yau ɗaliban gine-gine zuwa suke suna auna bakunansa. Ki daina ce mata zane, ki ce zayyana, ki ga yadda fuskarta za ta sake.

Batun ci da kai ba zan miki ƙarya ba, shekara biyu bayan bautar ƙasa na sha wuya sosai. Yanzu alhamdulillah ina zana ankon biki da kwalayen turare da tambarin shaguna, a kwamfuta nake yi daga ɗakina, ban yi kuɗi ba amma ban roƙi kowa ba.

Malamin CCA:

Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, don na ga an taɓa mu. Hajiya kar ki ga laifin malamar nan da yawa. Zane da kiɗa da wasan kwaikwayo fanni uku ne, kowanne da malaminsa a da, aka ɗaure su da igiya ɗaya aka ce CCA aka miƙa wa mutum ɗaya, sau biyu a sati minti arba'in arba'in, yara sun haura tamanin a aji, babu kala babu takarda. Ni kiɗa na karanta a NCE, in na zo ɓangaren zane ni ma rubutun nake cika musu allo, ƙarya ba ta da amfani.

Kuma ku masu zane da katako ku gode wa Allah, ku kayan aiki kawai kuka rasa. Shekarar da na fara koyarwa a nan Kaduna ɗoki ya ɗebe ni na aro kalangu na shiga da shi aji biyu don na nuna musu hawa da saukar sauti. Na saƙale shi a hammata, in na matse igiyoyin fatar ta ɗaure murya ta hau, in na saki ta sauka. Na buga sama sama na ce wannan kuka ne na hawaye, na buga sama ƙasa na ce wannan kuka ce ta miya, ajin nan ya kaure da ihu, yaran da ko sunansu ban taɓa ji ba suna ɗaga hannu a buga musu nasu sunan su canka. A minti arba'in suka gane abin da na yi wata guda ina rubutawa, har suka gane yadda harshensu yake aiki. Washegari da safe sai ga wani uba a ofis ya ce shi bai kawo ɗansa makaranta don a mai da shi makaɗin mahauta ba. Firinsifal ya kira ni ya ce Malam a tsaya a allo. Tun daga ranar yarana haddace do re mi suke, su zana layuka biyar, su lissafo kayan kiɗa na bugawa da na busawa da masu tsirkiya, su ci jarabawa, kuma babu wanda ya taɓa jin ƙarar ko ɗaya a aji.

Na daɗe ina juya abin, mutane suna cewa addini ne, kuma akwai wannan ɗin ban musa ba, amma uban nan bai ce haram ba, makaɗin mahauta ya ce. Asali yake gudu, kar a ce ɗansa ya zama maroƙi. Ga abin dariya, ajin da ke jikin nawa malamin Hausa yana koyar da waƙoƙin baka na makaɗan fada da na noma don suna cikin manhajar jarabawa, ana fiɗar baitocinsu ana ba da maki, Shata ma ABU ta ba shi dakta. A karanta waƙar a takarda ilimi ne, a ji ganga kuma raini. Makarantun mishan ba su da wannan matsalar don yaransu daga ƙungiyar mawaƙan coci suke zuwa da kunnensu a buɗe. Namu kuma masu sha'awar sai su koya a waya ko su lallaɓa situdiyo wajen masu fiyano, inda babu malami babu mai tsawatarwa.

Yanzu dabarar da nake yi tafi, da waƙoƙin gaɗa, da karin waƙoƙin Islamiyya da kowa ya iya, da su nake koyar da awon kiɗa, har yau dai ba a kawo ƙarata ba.

Ɗan Panteka:

Hajiya ni walda nake a kasuwar Panteka, aji uku na tsaya. Duk ƙarshen shekara 'yan foli da 'yan jami'a nan suke cika da firojet ɗinsu, injin ɓarar gyaɗa, injin markaɗe, su kawo takarda mu mu ƙera su je su karɓi maki. Muna musu dariya amma in faɗa miki gaskiya mu ma akwai inda ake mana. An taɓa kawo min aikin tagogi da ƙofofin wani babban gida, zane ne aka ba ni da lambobi a milimita ni kuma inci na sani, kunya ta hana ni tambaya, na yanka ƙarfen taga shida duk suka gaza. Aikin ya koma hannun wani yaro da ya yi tekinikal, bai kai ni hannu ba wallahi amma yana kallon takarda ya san komai. Don haka duk inda za a kai shi a tabbatar akwai TD ɗin nan da Baba yake faɗa.

Shawarar Abu Hanif kuma a duba wajen wa za a kai shi, wani ogan shekara biyu yaro zai yi yana sayo masa shinkafa da wake bai taɓa riƙe komai ba. In walda ce kuma a saya masa gilashi tun ranar farko, ni yanzu da dare kamar an zuba min yashi a ido.

Maman Sadik:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci ya biya kowa. Na karanta wa maigidan duka, na Abu Hanif har sau biyu ya sa na maimaita yana gyaɗa kai, amma labarin taga shida ya fi ba shi dariya.

Baba mun bi shawararka, Talatar nan muka je wata tekinikal ni da shi ba mu sanar ba. Wakshof na farko kam irin wanda ka ce ne, sai da aka aika yaro neman mai makulli, muka shiga ƙura har a kan leda. Maigida ya kalle ni bai ce komai ba, na ce shikenan magana ta mutu. Muna fita sai muka ji bugu daga can baya, ashe sashen lantarki ne, yara kusan ashirin kowa da allon katako a gabansa suna jan waya suna ɗaura soket da makunni, ƙasa duk guntayen jan waya da baƙa, malamin da kansa ya ce da kuɗin aljihunsa ya sayo ƙwan fitilar gwaji. Wani ɗan ƙaramin yaro ya danna makunni fitila ta kama daga wuri biyu irin na matakalar bene, ya yi wa maigida bayanin yadda aka yi tiryan-tiryan. Sun fi rabin awa suna magana da malamin ni ina gefe.

Bai sauka daga kan likitansa ba fa, kar ku ce. Abin da ya ce shi ne Sadik ya zana jarabawar shiga, in sakamako ya fito a zauna, kuma in sayans ɗin ce sai an nemo makarantar da ke da TD. Ni dai hakan ma ci gaba ne. 'Yar Samaru dabararki ta ci, ɗan ƙanwar maigida zai yi sauka wata mai zuwa na ce a ba Sadik zayyanar allon, Hajiya kaka da kanta ta ba shi kuɗin kala tana cewa a yi ja da kore kar a cika baƙi.

Baba tambaya ta ƙarshe, ina so ya fara koyon TD ɗin a gida kafin lokacin, me da me zan saya? na ga allon zanen a kantin littattafai amma kuɗin ya ɗaga min hankali.

Tsohon Malamin Wakshof:

Kar ki sayi allon Hajiya. Ki ba shi kuɗin falankin filawud mai santsi, ya je wajen kafinta a yanka masa tsawo santimita 65 faɗi 47, zai ɗauki takardar A2. Gefen hagu shi ne ran allon, dole ya miƙe sak don a nan ti-sikwaya take zamewa, ya tsaya a kan kafintan har sai an goge shi, in ya dawo gida ya bi da sanfefa da hannunsa. Ti-sikwaya ɗin kam ki saya, ta gida ba ta cika daidai ba. Sai setsikwaya biyu, mai 45 da mai 30 da 60, kamfas na ƙarfe ba na roba ba, fensir 2H na jan layin farko da HB na bi a kai, da salatif na takarda, kar ya kafe da ƙusa ya ɓata allon.

Aikin farko ya ɗauko tifar nan tasa ya auna ta da rula, ya zana ta daga gaba, daga gefe, daga sama, a takarda ɗaya da awonta a milimita. In ya gama ki ɗauki hoto ki sa a nan na duba masa, kuma ki ce masa ina cire maki in na ga shatin yatsa a takarda.